Kalmar "Esoteric" Da Ilmin Ruwan Haɗejiya

Kwanan baya muna zaune tare da waɗansu samari masu koyon aikin malanta, sai ɗaya daga cikinsu, mutumin ƙasar Auyo, ya kawo mana tambaya. Ya ce yana karanta wata takarda ta Ingilishi a kan kogin Haɗejiya, sai ya tarad da wata kalma wadda bai taɓa gani ba, ana rubuta ta "esoteric". Mai takardar ya ce wai sha'anin awon ruwan kogi abu ne "esoteric". Yaron ya duba ƙamus, ƙamus ya gaya masa ana nufin ilmin da ba kowa ya san kansa ba sai mutane ƙalilan. Ya ce, "To, Malam, ashe ke nan maganar ruwan da ke cinye gonar mahaifina ba tamu ba ce, ta waɗansu mutane ƙalilan ce?"

Abokansa suka yi dariya. Mu kam ba mu yi ba, gama mun ga tambayar ta wuce wasa. Saboda haka muka ga ya kyautu mu kawo ta nan gaban 'yan'uwanmu malaman makaranta da akawunan ofis, tun da yake mu ne ke tsaye tsakanin takarda da jama'a. Za mu fara da asalin kalmar, sa'an nan mu gangara fadama.

Inda Kalmar Ta Fito

Kalmar ba ta Ingilishi ba ce tun asali, aro ce daga harshen Yunanawa. A wurinsu "eso" shi ne ciki, "esotero" kuwa can ciki, kamar yadda mu kan ce ƙuryar ɗaki. Daga nan suka sami "esoterikos", watau abin da ya shafi 'yan ciki. Tana da kishiya, "exoterikos", abin da ya shafi na waje.

Cikin me ke nan? Cikin makaranta. An ba da labari cewa Pythagoras, wanda ya kafa makarantarsa a Kroton ta kudancin Italiya wajen shekara 530 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kan sa sabon almajiri ya yi shekara 5 yana saurare kurum, ba ya magana, daga bayan labule ma yake jin karatu. In ya jure, sa'an nan a shigo da shi ciki. Ku duba fa, wannan shi ne mutumin da ake kiran ƙa'idar nan ta alwatika da sunansa, wadda yau malami ke zana wa yara a allo kowa na gani.

Bayansa aka yi Arisɗo, wanda Turawa ke kira Aristotle, ya buɗe makaranta a birnin Atina wajen shekara 335 kafin haihuwar Annabi Isa. Wani marubucin Rumawa, Aulus Gellius, ya ce karatu biyu Arisɗo ke bayarwa kowace rana. Da safe ya zauna da zaɓaɓɓun almajiransa a kan mas'aloli masu wuya, da maraice kuwa ya buɗe ƙofa ga duk saurayin da ke so ya ji. Shi da kansa ya kan kira rubutunsa na jama'a "na waje". Amma kalmar "na ciki" masana sun ce a rubutun Lusiyan aka fara ganinta, wani gwanin ba'a mutumin Samosata a bakin kogin Furatu, cikin ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa. Ya tsara labarin raha inda ake gwanjon masu hikima a kasuwa, da aka zo kan almajirin Arisɗo sai dillali ya ce wannan mutum biyu ne, akwai na waje, akwai na ciki. Ingilishi bai karɓi kalmar ba sai tsakiyar ƙarni na 17, Thomas Stanley kuwa, wanda littafinsa na tarihin masu hikima ya soma fitowa a 1655, yana cikin na farko da suka yi aiki da ita.

Akwai wani abin lura a ƙarshen labarin Arisɗo. Littattafansa na waje yawancinsu sun ɓace. Abin da duniya ke karantawa yau karatun safen nan ne na 'yan ciki, shi ma da ƙyar ya tsira. Strabo, mai labarin ƙasa, ya ce magadan wani almajiri sun binne takardun cikin rami a garin Skepsis don tsoron kada sarakuna su ƙwace, danshi da ƙwari suka yi musu ɓarna. Sai da aka tono su, Andronikus mutumin tsibirin Rodos ya tsara su, daga baya aka juya su cikin Larabci a Bagadaza zamanin Abbasiyawa, har ilmin manɗiƙi ya iso zaurukan malamanmu na ƙasar Hausa. Da an bar su a rami, da gara ce ta gaje su.

Mu Ma Muna Da Namu

Kada wani ya zaci Hausa ba ta da abin da za ta faɗi wannan da shi. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya ji "zahiri" da "baɗini". Dukansu aro ne daga Larabci. Baɗini daga "baɗn" ya fito, watau cikin mutum, zahiri kuwa danginsa ɗaya da "zahr", watau baya, wanda kowa ke gani. Ga shi kuwa mu ma da kalma guda muke kiran tumbi da ƙuryar abu, mu ce "ciki". Ashe Bayunane da Balarabe da Bahaushe hanya ɗaya tunaninsu ya bi.

Sai dai a rarrabe baɗini da asiri. Asiri daga "sirr" ne, abin da aka rufe da gangan. Ingilishi ma yana da tasa kalmar ta wannan, "arcane", daga harshen Latin, inda "arca" ke nufin akwati. Daga tushen nan ne Turawa suka sami sunan da suke kiran jirgin Annabi Nuhu. To, bambancin a fili yake. Abu na baɗini ɗaki ne mai ƙofa, duk wanda ya yi haƙurin koyo zai shiga. Asiri kuwa akwati ne, mabuɗinsa na aljihun mutum guda. Yawancin ruɗun da muke ciki ya zo ne daga masu ɗaukar ilmin ɗaki su zuba a akwati.

Ɗakuna Biyu A Bakin Kogi Guda

Yanzu bari mu koma ga ruwan da yaron nan ya yi tambaya a kansa. Kogin Kano da kogin Challawa ne ke haɗuwa kafin Wudil su zama kogin Haɗejiya. Can sama ƙasar dutse ce, ruwa ba ya nutsewa, sai ya gangaro da ƙarfi. Da ya shigo ƙasar rairayi mai jigayi, wadda jiharmu ta sami sunanta daga gare ta, sai ya rage gudu, ya rarrabu: ga kogin Kafin Hausa, ga Burum Gana, ga Marma mai zuwa tafkin Nguru, ga tsohuwar hanyar kogin. Gaba kuma ya gamu da ruwan Jama'are wajen Gashuwa, su zama kogin Yobe, su nufi tafkin Cadi. Tsakanin waɗannan rassa ne fadamar take, wadda Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa ke ci daga gare ta tun kaka da kakanni.

A bakin wannan ruwa akwai ilmi iri biyu, kowanne na 'yan ciki ne.

Na farko shi ne na masunta da manoma da makiyaya. Tsohon masunci ya san lokacin da tarwaɗa ke bin sabon ruwa ta hau fadama don ta yi ƙwai, ya san inda gaiwa ke binne kanta cikin laka ta kwana rani, ya san wurin da ya dace da koma da wurin da sai taru ko mamari. Manomi ya san wace fadama ce ke karɓar shinkafa, da ranar da za a bi sawun ruwa da wake in ya soma janyewa. Bafulatani ya san lokacin da zai gangaro da shanu bayan an kwashe amfani. Malamin hisabi kuma yana lissafin damina da taurari 28, kowanne kwana 13, ɗaya 14, su cika shekara. Duk wannan ilmi ne na ƙwarai, an same shi da gwaji na shekaru aru-aru. Amma a ka yake, daga uba sai ɗa, kuma ba a faɗa wa baƙo.

Na biyu shi ne na injiniyoyi da masu awon ruwa. Su ne suka kafa ma'auni a Wudil da Haɗejiya da Gashuwa, suka san yawan ruwan da ke wucewa, da wanda rana ke shanyewa, da wanda ke nutsewa ƙasa ya cika rijiyoyi. Wannan ma ilmi ne na ƙwarai. Amma da Ingilishi yake, cikin lissafi da zane-zane, a kabad ɗin ofis.

Kowane ɗaki yana ganin na ɗayan shirme ne. Mai digiri ya ce na masunci camfi ne, masunci ya ce na mai digiri surutun takarda ne. Kogi kuwa bai san wannan gardama ba, tafiyarsa kurum yake yi.

Abin Da Rashin Haɗuwarsu Ya Haifa

A 1974 aka gama madatsar Tiga a kan kogin Kano, a 1992 aka gama ta Challawa. Ba mu ce ba su yi amfani ba. Birnin Kano na shan ruwansu, dubban manoma na noman rani da su a Kadawa da Kura da nan wajen Auyo. Amma sun sauya halin kogin. Da can ya kan cika ya tumbatsa da damina, ya ƙafe da rani. Bayan madatsun, ambaliyar da ke shayar da fadama ta ragu ƙwarai, ruwa kaɗan kuma ya riƙa gudana har cikin rani.

Wannan ɗan ruwan na kullum shi ne abin da ciyawar kacalla ke so. Da, rani kan kashe ta. Da ta daina ganin rani sai ta bazu, ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta. Ruwan da ya rasa hanya ya kwanta a gonakin waɗansu shekara da shekaru, waɗansu kuwa can gaba suka rasa ko na ban ruwa. Kacallar ta zama gidan tsuntsayen jan-baki masu cinye gero da shinkafa. In kuma aka yi damina mai ƙarfi, kamar ta 2012 da 2020 da 2022, ruwa ya zo ya tarad da hanyarsa a cushe, sai ya faɗa garuruwa. Mutanen Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri ba sa bukatar a ba su wannan labari.

To, wa ya san kacalla ba ta jure rani? Kowane tsoho a bakin Marma ya sani. Wa ya san yawan ruwan da za a riƙa saki da rani? Injiniya ya sani. Rabin amsar na wannan ɗaki, rabi na wancan.

Har wa yau ga wani misali. A farkon shekarun 1990 waɗansu masu bincike, Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage, suka yi lissafin abin da fadamar Haɗejiya da Nguru ke bayarwa na noma da kifi da itacen wuta. Suka ga in an auna da yawan ruwan da aka kashe, amfanin fadama ya ninka na babban aikin noman rani na Kano sau da yawa. A 1993 kuma aka buga littafi sukutum a kan fadamar, wanda Hollis da Adams da Aminu-Kano suka shirya. Wannan hujja ce mai ƙarfi a hannun mutumin fadama in ana rabon ruwa. Amma da Ingilishi take. Muna tambayar masu karatu, a cikinku mutum nawa ne suka taɓa jin an bayyana wa dagaci ko sarkin ruwa wannan magana da harshen da yake ji?

Ɗakin masunta ma yana da nasa haɗari. Auyokawa da suna da harshensu na kansu, dangin Badanci, yau babu mai magana da shi. Duk sunan da suka sa wa wata ciyawa ko wani gurbi, in bai shigo Hausa ba, ya bi su kabari. Haka kuma kowane tsohon masunci da ya rasu alhali 'ya'yansa sun tafi birni neman aiki.

Masu Cewa A Bar Kaza Cikin Gashinta

Mun san akwai masu ja da mu, kuma ba mu raina hujjarsu ba.

Waɗansu za su ce sanin mutum shi ne abincinsa, in masunci ya tona inda kifi yake ya kashe kasuwarsa. Gaskiya ne. Ba mu ce kowa ya faɗi gurbinsa ba, ba mu kuma nemi sarkin ruwa ya ba mu laƙanin gidansu ba, wannan tsakaninsa ne da magadansa. Amma sanin alamar da ke nuna ruwa zai yi yawa bana, ko hanyar da ya saba bi shekarun da, ba ya raguwa don an faɗa. Ɓoye irin wannan ba tattali ba ne, rowa ce mai kashe maƙwabci.

Waɗansu kuma, yawanci 'yan'uwanmu 'yan boko, za su ce ilmin awon ruwa yana da zurfi, sai an yi shekaru ana koyonsa, guntun sani kuwa ya fi jahilci haɗari. Wannan ma gaskiya ne, ba ma ƙin shekara biyar ɗin Pythagoras. Ba mu ce manomi ya zauna ya yi lissafin injiniya ba. Abin da yake bukata shi ne ƙarshen lissafin: yaushe za a buɗe ƙofar madatsa, kwana nawa ruwan zai yi kafin ya iso, wace unguwa ce ta fi kusa da haɗari. Likita ba ya koya wa majinyaci aikin tiyata, amma tilas ya gaya masa sau nawa zai sha magani.

Na uku su ne masu cewa Hausa ba ta da kalmomi. Wannan kam ba mu yarda ba. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta ɗauko ilmin da ke cikin littattafan Larabci ta mayar da shi waƙa da Fulatanci da Hausa, jajoji suka kai wa mata har ƙauyuka. A 1949 Dr. East da Malam Abubakar Imam suka soma fitar da "Ikon Allah", suka bayyana halittu iri iri da Hausa mai daɗi. Harshen da ya iya cewa jirgin ƙasa da jirgin sama ba zai kāsa faɗin tsayin ruwa ba. A 'yan shekarun nan ma hukumar hasashen yanayi ta ƙasa ta soma juya hasashen damina cikin Hausa, ba kuwa abin da ya karye.

Sa'an nan sai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Akwai wani baɗini na ƙarya wanda mu ma'aikata muka ƙware a kai tun zamanin En'e: talaka ya zo ofis da 'yar tambaya mai sauƙi, a turnuƙe shi da manyan kalmomin Ingilishi don ya ji tsoro ya koma. Wannan ba zurfin ilmi ba ne. Ruwan da ba a ganin ƙasansa ba lalle mai zurfi ba ne, sau da yawa gurɓatacce ne kurum.

Aikin Da Ke Kanmu

Darasin da muka ɗauka daga asalin kalmar nan shi ne, malamin safe shi ne malamin maraice. Arisɗo bai ɗauki wani ya yi masa karatun jama'a ba, shi da kansa ya fito. Duk wanda aka shigar ciki, akwai bashin na waje a wuyansa. Mu kuwa da aka kashe dukiyar jama'a aka ilmantar da mu, bashin ya fi yawa a kanmu. Ga abin da muke ganin za mu iya ba tare da jiran kowa ba.

Malamin makaranta a garuruwan fadama ya tura yaransa wajen kakanninsu, su rubuto sunayen rafuka da gurabe da kifaye da ciyayi, da alamun zuwan ruwa, da labarin shekarun da aka yi babbar ambaliya da inda ta tsaya. A rubuta da Hausa, a sa sunan tsohon da ya faɗa don a girmama shi. A ajiye kwafi guda a makaranta, guda a ofishin ƙaramar hukuma.

Makarantar da ke kusa da kogi ta kafa sanda mai zane a wurin da ba haɗari, malami ya riƙa duba ta kowace safiya da damina, yara su rubuta a littafi. Lissafi ke nan, labarin ƙasa ke nan, bayan shekara goma kuma garin yana da hujjarsa a rubuce.

Akawu kuma, duk takardar da ta zo a kan ruwa, ko sakin madatsa ko hasashen ambaliya, kada ta kwana a fayil. A juya ta cikin Hausa, da boko da ajami, a kai wa hakimi da dagatai da masu unguwa, a yi shela ranar kasuwa.

Kwalejojin horon malamai su ɗauki abin da masana suka rubuta a kan fadamar nan, su taƙaita shi cikin ƙaramin littafin Hausa wanda ɗan aji shida zai iya karanta wa ubansa.

In kuma za a yi wani aiki a kogin, ko yashe hanya ko gina jinga, a zaunar da sarkin ruwa da sarkin noma da arɗo tun kafin a zana taswira, ba ranar buɗe aiki ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shi kuwa ɗalibinmu, amsar da muka ba shi ita ce: in ka gamu da kalmar a littafin hikima ko na addini, ka fassara ta da "baɗini". In a maganar sana'a ce, ka ce "ilmin 'yan ciki". Amma in ka ga an liƙa ta ga ruwan da ke shiga gonar mahaifinka, ka sani ɗaki ne mai ƙofa, ka shiga ka koyo, sa'an nan ka fito da maraice ka gaya wa mutanen garinku. Ya ce zai fara da kakansa in an yi hutu. Allah ya ba shi iko, mu kuma Allah ya sa mu sauke nauyin da ke kanmu, amin.